Kiɗan Namadi a Bikin Ƙanwar Lantana

Wani mutum ne a unguwarmu, Namadi. In ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa kalangu magana. Ko ƙarar janareta ya ji sai ya ce, "Wannan bai hau kan ƙa'ida ba."

To, yana neman auren wata bazawara, Lantana, sai bikin ƙanwarta ya taso. Namadi ya bugi ƙirji gaban mahaifiyarta, Gwaggo Azumi.

"Gwaggo, ku bar mini kiɗa. Dangin amarya da nasu, dangin ango da nasu, ƙawaye ma da nasu. In aka ji biyu sun yi kama, a tofa mini yawu!"

Ya je ya aro akwatin kiɗa wurin Tasi'u mai situdiyo, irin mai maɓallai jere kamar ƙwayoyin masara, kowane gurbi da kiɗan da aka adana a ciki. Tasi'u ya ce, "Tsaya in nuna maka. Ka kwafi kiɗa zuwa wani gurbin, sannan ka cire bugu nan, ka ƙara can..."

"Kai, ni za ka koya wa? Tun kana tsumma nake wannan aiki."

Kwafewar kawai ya ji. Ya koma gida ya kama kiɗan farko, ya yi ta kwafe shi yana zubawa gurbi gurbi, ya shafe duk na Tasi'u. A tunaninsa akwatin ne zai sassauya su da kansa.

Ranar kamu, bayan La'asar, mata suka cika tsakar gida. Aka kira dangin amarya. Dum tak, dum dum tak! Aka cashe.

Aka kira dangin ango. Namadi ya ɗaga yatsa sama, ya danna. Dum tak, dum dum tak.

Uwar ango ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu. "Malam, ragowar kiɗa za ka ba mu? Mun yi maka kama da masu cin saura?"

"Hajiya, akwai bambanci. Sai mai kunne."

Ya danna na uku, na huɗu, na tara. Dum tak, dum dum tak. Gumi ya jiƙa masa hula sharkaf. Ya laluba wani maɓalli ya murɗa, ashe na ƙara sauri ne. Tatatatata! Gwaggo Azumi da ke tsakiyar fili ta yi ƙoƙarin bin kiɗan, ɗankwali ya yi gabas, takalmi ya yi yamma. Da ƙyar aka tare ta tana salati.

Da ta samu numfashi ta dube shi. "Ɗan nan, famfon gidanmu da ke ɗiga ma ya fi ka salo."

Namadi ya juya wajen Lantana, murya ƙasa ƙasa. "Ranki ya daɗe, ke ai kin ji bambancin ko?"

Lantana ta gyara mayafi.

"Na ji, Malam Namadi. Wata uku kana zuwa zance, kullum dum tak, dum dum tak. Shi akwatin dai ana iya kashe shi. Kai kuwa daga yau ka huta da zuwa."