Yumɓu a Bayan Ɗakin Kaka

"Sannu da hutawa, amaryar da ba ta tashi tarbar miji."

"Au, kai ne? Na ɗauka gora aka jingina min a ƙofa."

Dogo ya tarar da kakarsa zaune a tsakar gida, kayan ginin tukwanenta a kife, hannuwanta fes, abin da bai taɓa gani ba. An yi gine-gine a kan ramin da take ɗebo yumɓu tun tana budurwa, har kawunnansa sun fara cewa ta tattara ta koma gidan ɗayansu ta huta. Shi kuwa aikinsa auna ƙasar gonaki, shi ya sa ya zo da shebur da diga a kafaɗa.

"Kabarin wa za ka haƙa? In nawa ne ka yi gaggawa, sai na ga furfurarka tukuna."

"Yumɓu zan haƙo miki, a gidan nan."

"A wannan rairayin? Wurin da in ka zuba ruwa, kafin ka dire bokiti ya shanye?"

"To ina kike zaton ruwan yake tafiya? Duk damina yana wanke laka daga sama, ya gangara da ita ƙasa, ya bar rairayi. Tun kafin a haifi kakarki ake tara miki ajiya, ke kina yawon ramin mutane."

"Ji yaron da na yi wa wanka yana tsala ihu, yau shi ke ba ni labarin ruwa!"

Ya fara daga gindin katanga. Ya haƙa har gwiwa, har ƙugu, har ƙirji, ba komai sai rairayi fari tas. Daga nan diga ta daki wani farin dutse mai garas-garas. Tsohuwa ta jawo kujerarta bakin rami tana dariya har da riƙe ciki.

"Ma sha Allahu, angona ya yi abin kai! Kwaso mu gina randar ajiye iska."

Dogo ya murtsuke dutsen a tafinsa, ya zube kamar gishiri.

"Wannan rairayi ne kawai ya dunƙule, ba shi da lakar da zai bayar. Ƙasa halin dutsen da ya haife ta take ɗaukowa, yadda na ɗauko kyau a wurin kakana, ban bi ta kanki ba."

"Kakan naka da in ya shigo ɗaki hancinsa ke fara sallama?"

Ya yi dariya. Ya lura duk tsiyar da take yi masa, idonta na kan kowane shebur da ya watso. So take ya yi nasara, bakin ne ba zai faɗa ba.

"Amarya, ina ne ruwa ke kwanciya in an yi sama?"

"Bayan ɗakina mana, inda baƙin dutsen nan yake ruɓewa. Ko shi ma sai na auna maka?"

Ya fito da sauri ya koma can. Rairayi ne dai a sama, har ƙugu. Tsohuwa ta buɗe baki ke nan za ta sake sakin magana, sai shebur ya yi nauyi ya maƙale. Dogo ya share gefen ramin da hannu. Ga iyaka nan sarai kamar an ja da wuƙa, sama fari, ƙasa ja mai danƙo.

"Ga shi! Karɓi, sarauniyar musu!"

Ya jefo mata curi a cinya. Ta yayyafa masa ruwa, ta mulmula shi siriri, ta naɗe a yatsa. Bai tsage ba. Dogo na tsaye a rami yana haki, haƙoransa duk a waje.

"Akwai tsakuwa a ciki," in ji ta.

"Zai ginu ko ba zai ginu ba?"

"Kuma ni na nuna maka wurin."

"Kin shekara aru-aru kina shanya a kansa! Zai ginu?"

Yatsunta dai sun riga sun kama aiki. Kafin ya hauro ya karkaɗe wandonsa, curin ya zama ɗan ƙoƙo mai kyan baki. Ta miƙo masa, tana dariya tana goge ido da bayan hannu, har laka ta shafe mata kumatu.

"Ka ci, ja'iri, na sallama. Je ka gaya wa kawunnanka ba inda za ni. Wannan kuma naka ne in ya bushe."

"Ɗan wannan? Duk gumin da na yi?"

"Daidai kanka na auna. Koma rami, babban aiki ke gabana!"