Waƙar Dakan Gwaggo a Rumbun Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tara matan gidanmu a Gangara ta ƙasar Damargu don su ji muryar Gwaggo Hassu.

Aikina a laburaren jami'a shi ne adana takardu da muryoyi a rumbun kwamfuta. Ni ne mai yi wa ɗalibai wa'azi kullum cewa su duba abu kafin su ajiye (Allah ya sa ba za su karanta wannan ba).

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage da ta san tsofaffin waƙoƙin daka na garinmu. Da kyar ta yarda na ɗauke ta a waya, ta ce daga wannan ta gama, don tana shirin tafiya Makka. Na koma Damagaram, na zuba sautin a rumbu da sunanta, na share na wayar saboda ta cika. Ban saurara ba, ai ni gwani ne.

Da ta dawo daga Hajji na kwafo sautin daga rumbu na tafi gida, na ari lasifika, na sa aka shimfiɗa tabarmi, har jawabi na yi kan amanar tarihi. Sannan na kunna.

Sai ƙarar moto, wato babur. Sai wani ƙato yana rera waƙar Gwaggo da murya kamar ta jaki, yana tsayawa yana tsaki kan yashin hanya. Ni ne. Ashe lokacin da take waƙa ban danna komai ba, sai da ta gama na danna, na jefa wayar a aljihu na hau hanya.

Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya ce da baƙin ciki, don na san abin da ya salwanta.

“Gwaggo, don Allah ko baiti ɗaya.”

“Ɗan nan, na yi alkawari a gaban Ka'aba ba zan ƙara waƙa ba,” in ji ta. “Amma ka ɓata baiti na biyu. Kawo abin naka in faɗa maka kalmomin, ban da rerawa.”

Yanzu a rumbun akwai sauti biyu: kalmomin a bakinta, karin waƙar a nawa, don babu wani. Duk mai binciken da ke son jin yadda matan Damargu suke rera waƙar daka, ni zai saurara, har abada. Tun ranar ba na ajiye ko tari ban saurare shi ba.