Muryar Malam a Tsohon Kaset

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren jikana Usama ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina. Ƙanwarsa Huda ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ni ko alif ban sani ba. (Na ce mata kada ta gyara komai, kunyar tawa ce.)

Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar ni a unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki kusa da Harami, da ɗaki ɗaya da tsohon rediyo mai cin kaset. Yana da rai, duk Alhamis sai ya tafi unguwar Misfala wurin abokansa, su rufe ƙofa su yi begen Annabi da mandiri, ɗaya na ja sauran na amshi. Mata ba sa zuwa. Idan ya dawo na tambaye shi, sai ya gyara hula ya ce ai shi ke jan baki, in babu shi taron ba ya tashi.

Bayan rasuwarsa aka aiko mini da kaset guda na zamansu. Ina sawa sai na ji wata murya mai kauri, mai tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, tana ja ana amsawa. Nan na zube. Tun daga ranar kukana bai ɓoyu ba. Maƙwabta sun san lokacinsa, bayan la'asar. Duk baƙuwar da ta shigo sai na zaunar da ita ta saurari Malam, ni ina sharar hawaye da gefen mayafi. Abu ɗaya ke ɓata mini rai a kaset ɗin: wani mai siririyar murya cikin 'yan amshi, kullum a baya yake, kowa ya gama shi yana jan wutsiya, ga tari. Allah kaɗai Ya san baƙar maganar da na yi wa bawan Allahn nan.

Da bikin Usama ya matso, Huda ta ce za ta haɗa muryar kakanta da amshin matan gidanmu a kwamfutarta, a sa a wurin walima. Aikinta ke nan, tana haɗa wa mutane sauti. Muka taru muka yi amshi ta ɗauka. Kwana biyu ta zo tana yamutsa fuska, ta ce abin ya ƙi zama: mu muna sama muna sauri, su suna ƙasa suna jan ƙafa, kamar an ɗaure jaki da akuya a igiya ɗaya. Ta gano rediyona ne ya gaji, yana jan kaset a hankali, shi ya sa komai ya yi kauri, har mandirin. Za ta mayar da shi saurinsa na asali, in ji ta, sai muryoyin su hau tsayi ɗaya da namu.

Na ce ta yi abin da ta ga dama, amma ta danne mini mai tarin nan. Ta ce, "Ya Sitti, ki saurara tukuna." (Haka jikoki ke kiran kaka a nan.) Na ƙi. Na ce so nake in ji shi sabo a gaban jama'a. (Gaskiya, so nake a ga kukana yadda ya kamata.)

Ranar walima, a ɓangaren mata, na miƙe da sandata na ce kowa ya yi shiru, maigidana zai yi wa jikansa bege daga kabari. Mata suka hau salati. Huda ta danna. Ni tun kafin sauti ya fito na riga na fara, da sheshsheka da kiran sunansa, mata biyu na riƙe da ni.

Muryar ta fito garau, ta ɗan yi sama, ta ɗan yi sauri, amshinmu ya zauna a kanta daram. Ina cikin cewa wayyo Malam, sai na ji Hajiya Kande, aminiyata, ta ajiye cokali.

"Yaya, wannan ai Alhajina ne."

Na ce wane Alhaji.

"Mijina mana. Ba ki ji yadda yake cewa 'to ku karɓa' ba? Yana can ɓangaren maza yana cin shinkafa."

Mata suka kalli juna, lasifika na ta ja. Sannan wata ta kasa riƙewa, dariya ta bi ɗakin kamar wuta a ciyawa. Shekaru nake kuka da majina a kan muryar mijin aminiyata, mutum mai rai da lafiya, wanda ke wucewa ta ƙofata kullum zuwa Harami muna gaisawa. Ita Kande sau nawa na zaunar da ita ta ji kaset ɗin, har ta taya ni kuka, rediyo ya ɓadda mana shi mu duka. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Da na samu bakin magana na ce to ina nawa mijin? Kande ta goge idonta ta ce ai kowa a Misfala ya san Malam, shi ne mai zuwa a baya da tari, don sonsa da Annabi kawai suke haƙuri da shi. Huda ta matso ta raɗa mini, "Shi ne wanda kika ce in danne, ya Sitti."

A nan kukan gaske ya zo, kuma bai yi ƙara ba.

Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta goge na asalin ba. Ta sake haɗa mini wani, ta ɗaga mai tarin ta rage sauran. Yanzu bayan la'asar shi nake saurare, yana makara, yana sauka ƙasa inda ake hawa, ni kuma ina jiransa mu ƙarasa tare. Ƙaryar jan bakin da ya yi mini na yafe, shi ma ya yafe mini zagin.

Abin da na koya: kafin ki buɗe baki ki yi kuka a gaban jama'a, fara tabbatar da mamacin naki ne.