Mayunwatan Kwamfuta Sun Fi Nomau Kama da Masu Yunwa

Jiya na bar ɗinkina a unguwar Birni ta Damagaram na raka ɗan'uwana Nomau, manomin Gaffati, wurin rabon geron taimako. Damina ta yi mana rowa, rumbunsa ya zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Anza, 'ya'yan itacen daji, kawai matarsa Delu ke jiƙawa tana ba yara, ɗacinta ko akuya sai ta yi shawara.

Kafin a buɗe buhu ko ɗaya, jagoran rabon, Mai Girma Uban Tausayi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce sai mun kalli fim ɗin da ya jawo mana wannan alheri daga ƙetare.

Jama'a, na ga aiki! Ga haƙarƙari a waje, ga ƙuda a gefen ido, ga wata mata tana birgima tana kuka. Ni da kaina sai da na share hawaye. Ashe duk cikinsu babu ɗan Adam ko ɗaya, kwamfuta ce ta ƙera su har da kaushin ƙafa.

Maƙwabciyata Hajjo ta ja tsaki. "Wannan ba 'yar Damagaram ba ce. Kuka gaban baƙo, kai ba kallabi? Ordinatar ɗin nan, kwamfutar tasu, ba ta da uwa ne?"

Me ya kai su ga ƙera mutane, ga mu birjik kyauta? Ai laifinmu ne. Lokacin da masu kamara suka je Gaffati, kowa ya ciro rigar sallarsa, aka share tsakar gida, Delu ta yanka kazarta ta ƙarshe don baƙi. Duk wanda aka tambaya sai ya ce lafiya lau. Fim ya lalace. Dole manya suka nemo talakawan da ba su san kunya ba.

Aka fara rabo. Nomau ya matso cikin babbar riga, ya shafa mai a fuska don kada a ga furu-furun yunwa. Mushe, wato jami'in da ke tantancewa, ya dube shi, ya dubi hoton fim da ke manne a bango.

"Malam, yaya gida?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ana dai cin abinci?"

"Ana taɓawa, ranka ya daɗe."

"To matsa gefe. Wannan na mabukata ne."

Na finciko hannun rigarsa. "Yaya, don Allah faɗa masa gaskiya! Ka ce anza kuke ci."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando. "A gaban mutane?"

Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu ban san da wa nake fushi ba. Ya naɗe buhun da ya zo da shi, ya cusa a ƙarƙashin riga don kada a gane abin da ya kawo shi, ya kama hanyar Gaffati a ƙasa. Delu na can ta wanke turmi tana jira.

Da la'asar aka sanar cewa gero ya ƙare ƙaf, ya isa hannun waɗanda suka cancanta. Na zagaya unguwannin Birni da Kara-Kara ban ga mai kama da su ba, don haka na tabbata mutanen fim ɗin ne suka kwashe. Allah ya sa ya zauna musu a ciki. Ni dai mamaki nake yi: su suka ci, amma rigar Mai Girma ce ta matse.