Gilashin Motar Alhaji Bukar

Ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba, Alhaji Bukar na Gwange ya kawo mini wata tsohuwar mota da ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Na tayar da inji, na yi fenti, sai kaina ya kumbura. Na ce, "Alhaji, mutum irinka ba ya murɗa gilashi da hannu. Na lantarki zan sa maka."

Okoro, wanda ya sayar mini da kayan, ya ce, "Oga, ka gwada kafin ka ba shi." Na ce masa ina gyaran mota tun yana goye. Batir yana wurin caji na haɗa wayoyina. Ranar da batirin ya dawo Alhaji na sauri, za shi ta'aziyya gidan surukinsa a Khaddamari. Ni na tuƙa.

Mun isa dattawa na kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu ana addu'a. Na raɗa masa, "Alhaji, danna maɓallin gilashin su ga aiki." Ya danna. Ashe da wayar oda na haɗa. Gilashi na sauka a hankali, mota na kurma ihu. Alhaji ya rikice ya danna sama, ta sake ɗauka. Addu'a ta tsaya.

Surukin ya taso, ya leƙo ya ce, "Bukar, mun ji zuwanka. Mamacin ma ya ji."

Har yau in na ratsa Gwange ba mai ce mini sannu. Sai su danna iska da ɗan yatsa su ce, "Makanike, yau wa ya rasu?"