Ranar da Na Dawo da Firjin Inna Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakin nan nawa, da ko a aji ba ya buɗuwa, ya dawo mana da mataccen firji gida.

A unguwar Lalala muke, ɗaki biyu, kuma firjin Inna (irin mai murfi a sama ɗin nan) shi ya cinye lungun da ke gindin taga. Shekararsa guda da mutuwa. Inna ta yi mini alkawari, duk ranar da ya fita lungun ya zama nawa, a sa mini teburin karatu. Tuni na gama ƙawata wurin a raina, har da shuɗin labule.

Sai aka sanar a lekol, wato makarantarmu, cewa masu kwashe matattun kayan lantarki za su zo ran Asabar. Mushe, malaminmu, ya ce kayan gida irin su rediyo da dutsen guga za su ɗauka kyauta. Na sana'a kuwa, mai sana'ar ne zai kai abinsa inda ake sarrafa su.

"Ke dai ki ce na gida ne," in ji Inna. "Ai a gida yake."

Baba ya ɗoro shi a motarsa, muka bi layi a filin lekol. Da aka zo kanmu, wani mutum mai koriyar riga ya tambaye ni da Faransanci, "Me kuke sawa a ciki?"

Ruwa da nama. Abin da ya kamata in ce ke nan. Amma idona ya faɗa kan jan tabon da ke bakin murfin, sai hankalina ya tafi. Na ji kaina ina ba shi labarin yadda Inna take ƙulla zoɓo da lemon citta a leda kowace safiya, yadda suke kwanciya a jere da farin raɓa a bayansu, yadda hayaƙin sanyi yake shafa fuskata in na ɗaga murfin. Na ce ƙararsa kamar ruwan sama ne daga nesa. Na ce (wayyo ni) har makanikan unguwar Akébé suna aikowa a cika musu bokiti, kafin azahar babu ko ƙulli ɗaya.

Da na farka, kowa a filin ni yake kallo.

"Ashe babban ɗan kasuwa ne," in ji mutumin, ya manna masa takardar kayan sana'a.

'Yan ajinmu suka kwashe da dariya. Hadiza, wadda muke benci ɗaya, ta ce, "Yau bebiya ta yi wa'azi!"

A hanya, da muka kusa gida, Baba ya waiwayo ni. "Shekara goma sha huɗu ina roƙon ki buɗe baki. Sai yau?"

Inna ta dubi firjin, ta dube ni. "Sannu da aiki, 'yar jarida."

Ta shimfiɗa tsohon zane a kan murfin, ta jawo kujera. Shi ne teburina har yau, kuma ba shi da wurin sa ƙafa, a karkace nake zama. A kansa nake wannan rubutun. Na koyi cewa lura da komai baiwa ce, amma in an tambaye ki abin da ke cikin firji, ba tarihinsa ake nema ba.