Dogon Kabad na Baba Sajo Ya Kwanta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Baba Sajo Mai-saƙo, na rumfar saƙonni a tashar mota ta nan Jalingo, yana sanar da direbobi, 'yan kamasho, masu lodi, da duk wanda ya taɓa aika kaza ko wasiƙa ta hannunsa, cewa Dogon Kabad ya kwanta dama. Ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara arba'in da ɗaya, a gaban mutum fiye da talatin, waɗanda yawancinsu dariya suka yi. Baba Sajo ya riƙe fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Tun kafin a yi nisa, yana so a sani cewa abin nan da ake ta rawar kai a kansa, wai ilimin tsara bayani a cikin kwamfuta, shi ya fara ganinsa a garin nan. A cikin marigayin ya gan shi, tun malamar da ke koyar da shi yanzu ba ta zo duniya ba. Bai taɓa zama a bencin makaranta ba. Baƙaƙen boko ma a jikin motoci ya tsince su, shi ya sa har gobe ya fi saurin karanta rubutu in yana tafiya. Amma mutumin da ya faɗo daga saman lodin doya a hanyar Zing ya tashi ya karkaɗe rigarsa, wanda maciji ya sara sau biyu macizan suka riga shi mutuwa, ba allon gilashi ne zai ba shi tsoro ba.

An haifi marigayin a unguwar Turaki, a hannun Ukasha kafinta, Bakatsine, wanda ya rantse cewa katakon maɗaci ne zalla, gara ba ta kusantarsa saboda ɗaci. Ukasha ya riga mu gidan gaskiya, don haka ba za a tayar da maganar ba.

Marigayin dogo ne, mai faɗin ƙirji, mai ɗakuna ashirin da huɗu a cikinsa, kowane gari da ɗakinsa. Saƙon Wukari jan zare ake ɗaura masa, na Gembu kore, na Zing baƙi, na Yola fari, na Mutum Biyu zare biyu a haɗe. In mutum ya zo neman kayansa, Baba Sajo ba ya bincike, hannunsa kawai yake miƙawa. Wanda ya fara kawo saƙo shi ake fara loda wa, ko da na bayansa kansila ne. Waɗanda masu su ba su zo ba kuwa, a gefen hagu ake jibge su a ƙasa, wani a kan wani, suna jingine da marigayin. Bai taɓa ƙorafi ba. Da safe in an buɗe shi yana cewa ƙiiii, da yamma in an rufe shi yana cewa gwaram, maganarsa ke nan a duniya. A 'yan shekarun nan ya ƙara wata, ƙas-ƙas-ƙas, a hankali daga ciki. Baba Sajo ya ɗauka tsufa ne, tunda shi ma gwiwoyinsa haka suke yi.

Babbar ɗabi'ar marigayin ita ce riƙon asiri. Babu mai sa hannu a cikinsa sai ta wurin Baba Sajo, kuma ma'anar zarurrukan a kan Baba Sajo kaɗai take. Wannan ɗabi'a ce ta jawo musu magana. Bara, da maciji na biyu ya sari Baba Sajo a gonarsa ta Kona, ya yi kwana goma sha tara a kwance, tasha ta rikice. Busasshen kifin Gembu ya tafi Lau, maganin wata tsohuwa ta Bali ya je Yola ya dawo sau biyu, wani zakara kuma ya zauna a ɗakin Wukari har ya saba, yana cara daga ciki.

Da ya warke, kwamitin tasha ya kira shi. Shugaban kwamitin shi ne Obadiya, tsohon direba, mutumin Zing, wanda a da shi da Baba Sajo kwano ɗaya suke ci. Shekara tara ke nan ba sa ga maciji, a kan wani saƙo da Obadiya ya ce mahaifiyarsa ta aiko masa daga gida, Baba Sajo kuwa ya tsaya a tsakiyar tasha ya rantse cewa bai taɓa shigowa rumfarsa ba, domin shi saƙo bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Hukuncin kwamiti gajere ne: saƙonni za su koma kwamfuta. An ba Baba Sajo wata uku ya koya. In ya iya, kujerarsa tana nan. In bai iya ba, ya je gida ya huta, a ba wani.

Aka ɗauko Malama Rebeka, mai shagon koyar da kwamfuta a Mayo Gwoi, ta tsara abin. Ita cewa ta yi zai wadatar ta nuna masa inda zai danna. Shi ne da bakinsa ya ce ba ya danna abin da bai ga hanjinsa ba. Don haka ta sa shi cikin masu koyon rubuta umarnin kwamfuta tun daga tushe, kowace Talata, a nan rumfar, a gaban marigayin. Baba Sajo ya yi nadamar wannan magana, amma bai gaya wa kowa ba sai yau.

Ranar farko ta zana akwati a allo, ta rubuta abu huɗu a ciki: mai aikawa, mai karɓa, gari, sai hali, wato ya iso ko bai iso ba.

“Baba, wannan shi ne kilas,” in ji ta. “Ba saƙo ba ne, siffar saƙo ce, abin da kowane saƙo dole ya samu. Buhun gyaɗan can na Maman Tobiya kuwa, wanda za ka iya taɓawa, shi ne objek.”

“'Yata,” in ji shi, “wannan ai tun kina goye nake yinsa da zare.”

“To madalla. Sai ka rubuta.”

Nan fa gizo yake saƙar. Da yatsa ɗaya ya rubuta, yana farautar kowane baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kwamfuta kuwa ta amsa masa da jan rubutu, alamar kuskure, sau goma sha huɗu a zama ɗaya. Da aka zo darasin gado, wato yadda wani kilas ke gadon wani, ya ji daɗi ƙwarai. Rebeka ta ce kaza saƙo ce, ta gaji abu huɗun nan duka, sannan ta ƙara nata: tana shan ruwa, tana iya mutuwa. Baba Sajo ya ɗaga hannu ya ce tana kuma gudu, Rebeka ta yarda ta ƙara a allo, ya yi kwana uku yana ba direbobi labari. Sai dai da ya zo rubuta nasa, ya sa kaza ta gaji wasiƙa maimakon saƙo, kwamfuta ta ba da umarni a ninke kazar biyu a sa a ambulan. Marigayin yana tsaye yana kallo, bai yi dariya ba. Irin halinsa ke nan.

Ciwon ajali ya zo ranar Talatar nan. Obadiya ya shigo ya zauna a benci don ya ga inda aka kai, masu lodi suka taru saboda ba mota. Rebeka tana bayanin abin da ta kira sitak, wato jibgin kaya wani a kan wani.

“Na sama kaɗai ake ɗauka,” in ji ta. “In kana son na ƙasa, sai ka sauke na sama ɗaya-ɗaya har ka kai gare shi. Babu wata hanya.”

Baba Sajo ya dubi Obadiya ta wutsiyar ido, ya ga yana gyaɗa kai. Sai ya juyo wurin Rebeka.

“A kwamfutarki ke nan, 'yata. Mu da muka fara abin, ta ƙasa muke zarewa.”

Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya nufi jibgin da ke gefen hagun marigayin. Can ƙasa ƙwarai ya hango bakin wani tsohon ƙunshi na buhu, rabinsa a ƙarƙashin kabad ɗin.

“Baba, useni, ka bari,” in ji Rebeka, har da Fillancin roƙo. “Na yarda ka iya.”

Da ta yi shiru da ya bari. Ya kama, ya ja, abin ya ƙi. Ya taka ƙafa ɗaya a jikin marigayin, ya ja da ƙarfin da ya rage masa na shekara saba'in da uku. Ƙunshin ya fito. Marigayin ya ce ƙiiii, ba tare da kowa ya buɗe shi ba, ya ɗan rusuna kamar mai gaisuwa, sannan ya zube gaba ɗaya. Ashe fatar katako ce kawai ta rage, ciki duk gara ta gama da shi. Wukari ta faɗa kan Gembu, Yola ta shige ƙarƙashin Bali, garin katako ya turnuƙe rumfa. Baba Sajo yana kwance rigingine, hularsa a wani wuri, ƙunshin a kan ƙirjinsa, da nauyi kamar dutse.

Da ƙura ta lafa, dariya ta fara tsayawa daga bencin gaba. A wuyan ƙunshin akwai baƙin zare, zaren Zing, da ƙulli irin wanda mutum ɗaya ne a duniya yake yinsa. A jikin buhun, da shuɗin fenti da ya koɗe, an rubuta suna. Rubutun ba ya tafiya, amma Baba Sajo ya karanta shi sarai.

A nan kwance ya tuna. Wata damina ce, shekara tara da suka wuce, ruwa ya shigo rumfa, ƙafar marigayin ta baya ta karye, yana shirin kifewa da kayan mutane. Ya lalubi abu mafi nauyi kusa da shi ya cusa a wurin, na ɗan lokaci, kafin a kira kafinta. Ba a kira kafinta ba. Kaya suka taru a kai.

Obadiya ya durƙusa, ya kwance bakin buhun. Ruwan garma ne, baƙin ƙarfe da bakinsa ya cinye saboda noma. Na mahaifinsa ne, tsohuwar ta aiko masa bayan rasuwar tsohon. Ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu.

“Har mama na ya mutu,” in ji shi, “yana tambaya na ko ya iso.”

Da ƙyar Baba Sajo ya ce, “Obadiya, ni ne. Ka yafe mini.”

Obadiya ya mayar da ƙarfen cikin buhu, ya ɗaure da baƙin zaren, ya ɗora masa a cinya.

“Ban karɓa ba tukuna, Sajo. Asabar ka sa shi a kwamfuta da hannunka. Sunan mama na, suna na, Zing. Wurin hali ka rubuta ya iso. Ranar zan karɓa, kai kuma ka zauna a kujerarka. In ka kasa, ka riƙe shi, ka tafi da shi gida.”

Marigayin ya bar kwaɗo ɗaya da mabuɗinsa, dukansu lafiya lau, sai dai ba su da abin kullewa. Ya bar ƙofa ɗaya ta dama da gara ta raina, da damin zare kala bakwai, da marayun saƙonni goma sha bakwai waɗanda yanzu ake sauke su ɗaya-ɗaya daga sama, yadda aka faɗa tun farko. Ya bar iyalin ɓera da suka riga suka koma rumfar mai shayi, da gara wadda ba ta ƙirguwa, ta zo gaisuwa da ƙoshinta. Ya bar ɗakunansa ashirin da huɗu a cikin kwamfutar Rebeka, inda ta ce sun gaje shi, ko da yake ba sa cewa ƙiiii. Sannan ya bar Baba Sajo, da ciwon ƙugu, da ƙarfen mutane a ƙarƙashin gadonsa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa katako salla, kuma Baba Sajo ya ji tsoron Allah ya daina tambaya. Don haka za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe zuwa murhun Salihu mai shayi, wanda ya duba ta ya ce da wuya ta tafasa buta ɗaya. Ƙofar dama za a rataye ta a rumfa. Ana zaman makoki a bencin da aka saba. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo saƙo a kwanakin nan, babu wurin sawa. Waɗanda suka yi dariya su ma an yarda su zo, amma su zauna a baya.

Da ƙarfe goma, bayan an sa wuta, Baba Sajo zai zauna a gaban kwamfuta. Kwana uku ke nan yana gwada sunan mahaifiyar Obadiya, baƙi bakwai ne, ya kama shida, na bakwai yana ɓuya amma ya san layin da yake. Duk wanda ke ganin tsoho ba zai iya ba, direba ne ko ɗan kamasho ko shi kansa shugaban kwamiti, ya zo da wuri ya samu wurin tsayawa, ya tsaya a bayansa daidai kafaɗa ya kalli yatsan nan. In jan rubutu ya fito, ya yi dariyarsa son ransa, a gaban kowa. In kuwa bai fito ba, mai shakkar nan shi zai ɗauki garmar a kansa ya bi Baba Sajo har ƙofar gidan Obadiya.